Karan Oga a Tankin Mashin Ɗina

Har gobe ba na mantawa da ranar da aka tsayar da ni gaban abokan aiki aka kira ni maƙaryaci, don kawai mashin ɗina ba ya shan mai. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu za ku ɗauka raha nake yi. To ba raha ba ce, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

A lokacin ina malamin dabbobi a ofishin shiyya da ke Talata Mafara, mai kula da ƙauyukan Mafara da Bakura da Maradun. Ga wanda bai san aikin ba, malamin dabbobi yana ƙasa da likita. Shi ke shiga ƙauye ya yi wa shanu allurar rigakafi, ya duba kofato, ya ba da maganin tsutsar ciki, abin da ya fi ƙarfinsa ya kawo wa likita. An ba kowannenmu mashin na ofis. Ran Litinin da safe a zuba wa kowa mai daidai wa daida, ran Alhamis da la'asar a taru kowa ya faɗi inda ya je.

Ni kuwa tun ina saurayi nake da wata cuta, wasa da kafireto. Wasu ƙwallo, wasu dara, ni tawa ke nan. Kafireto shi ne ɗan kwanon da ke haɗa mai da iska kafin su shiga inji. Mai ya yi yawa, mashin ya yi ta baƙin hayaƙi yana zuƙe tanki. Iska ta yi yawa, inji ya ɗau zafi yana tari. Duk Asabar nakan shimfiɗa buhu a ƙofar gida, in kwance kafireton, in wanke a gwangwanin fetur, in hure 'yan ramukansa. In na mayar sai in tayar da inji, in kafa kunne, ina murɗa sukurun iska kaɗan kaɗan har sai na ji numfashinsa ya daidaita. Shaidata fulogi ne: in ya fito da launin gyaɗar da ta soyu daidai, na san na gama. Ba kwabo nake samu ba, daɗin abin kawai nake ji, ko da yake maiɗakina ta gaji da cewa har tuwo warin fetur yake yi a hannuna. Da haka mashin ɗin ofis ya zama yana lasar mai maimakon ya sha.

Ana nan aka kawo mana sabon shugaba, Alhaji Bawa. Ya samu labarin wasu ba sa zuwa ƙauye, a rumfar mai shayi suke yini, kuma gaskiya aka gaya masa. Maimakon ya taka ƙauyen ya tambaya, sai ya samo karan dawa. Duk Alhamis ya buɗe tankin kowa ya tsoma. Kara ya fito a bushe, ka yi aiki. Ya fito a jiƙe, ka yi zaman banza. Kafin mako ya zagayo 'yan rumfar shayi sun gano bakin zaren. Da safiyar Alhamis su zare tiyo su tsiyaye man a kwalba, su kai gida su zuba wa injin ban ruwa. Na sani, na ce a bar kaza cikin gashinta.

Wata Alhamis cikin damina aka zo kan nawa mashin. Alhaji Bawa ya tsoma kara ya ɗaga, ga shi a jiƙe har ya wuce rabi.

Ya ce, "Malam Lawali, ina kat tahi wanga mako?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, na tahi Tsibiri, na zaga ƙauyukan Bakura, na biya Ruwan Gizo."

"Da mi kat tahi? Da iska?"

Aka bushe da dariya. Wanda ya fi kowa ƙyaƙyatawa shi ne Sanusi, abokin aikina, wanda da idona na ga kwalbarsa a safiyar nan. Na haɗiye, na yi bayanin kafireto dalla-dalla. Na ce a aika Tsibiri a tambayi mutumin da na wanke wa sansa na noma ƙafa. Na ce in ya yarda ya hau bayana mu zaga tare ya gani.

Ya ce, "Ni ba ni bin ƙauye tambaya. Mutum shina ƙarya, kara ba ya yi." Sai kuma ya juyo, "Tsaya ma, wa yab ba ka izinin taɓa kayan gwamnati?"

Kun ji fa. In mashin lafiyarsa lau, ni maƙaryaci ne. In kuma gyara shi na yi, ni mai ɓarna ne. Mutumin da takalminsa bai taɓa taka kashin shanu ba shi ke gaya mini ban je ba, ni da laka ta bushe a ƙafar wandona yana kallo! Ya yanke hukunci nan take: a kai mashin wurin bakaniken ofis a mayar da shi yadda na kowa yake, in kuma kara ya sake jiƙewa, a karɓe mini ƙauyukana in zauna wankin sirinji.

Bakaniken, Mudi, sanin juna muke. Ya buga kik ya saurara, ya dube ni.

"Wanga mashin mi yas same shi? Ai ko agogo bai kai shi ba."

Na ce, "Oga ya ce a gyara."

"Gyara ko ɓatawa?"

Na ce, "Kai dai yi abin da anka sa ka."

Ina tsaye ya ɗaga allurar da ke cikin kafireton, ya murɗe sukurun, ya buɗe wa mai hanya. Salansa ta fara aman baƙin hayaƙi. Sai da na juya baya, don ji na yi kamar ana watsa ƙasa a miyar da na yini ina dafawa.

Mako na gaba ina da alkawari da makiyaya a gefen Ruwan Gizo. Na gaya wa ardonsu, wato shugabansu, ya tara shanu ran Laraba da hantsi zan zo rigakafi, kuma ban taɓa saɓa masa ba. Litinin da Talata na yi Tsibiri da Bakura cikin taɓo, mashin yana zuƙa kamar saniyar da ta kwana biyu ba ta ga rafi ba. Ran Laraba, ina tsakiyar gonaki, ya yi tari ya mutu. Na girgiza tanki, ko ɗigo. A wurin waya ba ta kamawa, ba kuma mai sayar da fetur. Na tura shi cikin rana har ƙanƙarar da ke akwatin magani ta narke, maganin ya lalace. Su kuwa can sun tsare shanu ba kiwo har azahar.

Ran Alhamis na zo da niyyar faɗin abin da ya faru. Kafin in buɗe baki Alhaji Bawa ya tsoma kara, ya fito ƙarau a bushe. Fuskarsa ta washe.

"Kun gani? Yanzu Lawali ya kama aiki. Kowa shi yi koyi da shi."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ban kai Ruwan Gizo ba. Mai ya ƙare min ga hanya."

Ya dafa kafaɗata yana dariya. "Bar wagga magana. Kara ya shaide ka."

Ran Asabar, maimakon buhu da sukudireba, na ari mashin ɗin ƙanena na je ba ardo haƙuri. Ya amsa gaisuwata da mutunci, ya sa aka kawo mini nono, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Ba komi, Malam. Amma da in ka ce Laraba, ko yaro ya san Laraba ta. Yanzu sai mun gan ka." Wallahi wannan magana ta fi dariyar ofis ƙona mini rai.

To ku da ke tasowa, abin da na ɗauka ke nan. A aikin nan shaidarka tana bakin mai dabba, can za ka tsare ta. In kuma wata rana Allah ya ɗora ku kan mutane, ku sa takalmi ku je ku gani da idonku. Ni dai makon da na kai ko'ina an kira ni maƙaryaci, makon da na bar mutane da shanunsu a rana kuma an ce a yi koyi da ni.