Jar Wutar da Chaibou Ya Rufe

Duk wanda ya taɓa zama gaban motar Chaibou ya san jar wutar nan. Ba ta kai ƙwayar dawa girma ba. Tana jikin kamarar da ke manne a gilashin gaba, tana ƙiftawa babu hutu. Matafiyi yakan yi ta haƙuri har haƙurin ya ƙare, ya ce don Allah ba a iya rufe abin nan ne? In mutum ya kai hannu zai kare ta, sai Chaibou ya kama masa wuyan hannu ya mayar masa da shi kan cinya, a hankali, bai ko dube shi ba.

Mutumin Tessaoua ne. Ya zo Agadez gemu bai fito masa ba, ya fara da jigilar albasa daga Tabelot, shekara goma sha biyu yana hawa duwatsu yana sauka har warin albasa ya zama turarensa. Da zinariya ta ɓulla a arewa, kowa ya haukace, shi ma ya bar albasa ya koma ɗaukar masu haƙa. Sukan cika bayan mota, ƙafafu a waje, kowa ya naɗe fuska ya rungume sandar da aka kafa masa don kada ya faɗo.

A cikin shoferorin tasha an san shi da abu biyu: mita, da tara duwatsu. Mitar tasa ta gado ce. Duwatsun kuwa wani tsohon shofer Ba'abzine ya koya masa. Duk inda ka sauke mutum a sahara da alkawarin za ka dawo ka ɗauke shi, ba ka tashi sai ka tara duwatsu sun kai gwiwa, ka ɗora dogo guda a sama yana nuna inda mutumin ya nufa. Iska tana share sawun mota kafin ka gama shan shayi, amma ba ta ɗaukar dutse. Matafiya su yi ta tsaki, Chaibou na duƙe yana jidar duwatsu, yana zaginsu ƙasa-ƙasa.

Sai mai motar, wani Alhaji mai son sabon abu, ya sa aka manna masa kamara. Ya ce tana ɗaukar hanya duka, kuma tana rubuta lambobin wuri a ƙasan hoton, ko'ina mota ta tsaya. Babu abin dubawa a jikinta, sai an haɗa da talho, wato wayar hannu, ake gani. Chaibou ya tsane ta tun ranar farko. Ta iya ƙara kamar tsiyako duk sanda aka tada mota, har sai da ya sa aka kashe mata murya. In rana ta take, ƙafarta ta saki gilashi ta faɗo masa a cinya. Amma babbar masifar ita ce wutar. Da rana da sauƙi. Da zarar rana ta sunkuya, sai gilashi ya ɗauki hoton wutar ya kai shi can gaba cikin rairayi, ka rantse wani ne tsaye da fitila yana kira. A majalisar shayi ya sha faɗa cewa wanda ya ƙera abin nan bai taɓa tuƙi da almuru ba, in ma ya taɓa, to mugu ne. Wane mai hankali ne zai sa wuta ta kalli idon shofer? Wata safiya a tasha ya yago baƙin sikoci, irin na naɗe waya, ya danna a kanta da babban yatsa, ya danna da kyau. Ya yi mako shida cikin kwanciyar hankali.

Illiya ya shiga motarsa a makon na shida. Chaibou ya san shi, mijin Souwaiba ne, mai sayar da shinkafa da wake a bakin tasha, wadda kullum take ƙara wa Chaibou yaji ba sai ya tambaya ba. Illiya mutum ne mai dariya da yawa, irin waɗanda ba a iya yi wa faɗa. Yana da na'urar neman zinariya a buhu da bido biyu na ruwa, manyan jarkokin nan. A rana ta biyu da tafiya, bayan la'asar, a wani fili da ba shi da suna, ya buga rufin mota ya ce a sauke shi. Wani ne ya kwatanta masa wuri, kuma ba ya son abokin rabo. Chaibou ya ce masa mutum ɗaya ba ya zama a nan. Illiya ya ce kwana huɗu ne kawai, in ya juyo ya ɗauke shi.

Chaibou ya sauko zai tara duwatsu. Wurin rairayi ne zalla, duwatsun da ya hango suna da ɗan nisa, bayansa na ciwo tun safe, mutanen baya kuma sun fara gunaguni rana za ta faɗi. Illiya ya yi dariya ya ce ya bar wahalar da kansa, ai idon Alhaji ya gani. Ya zagayo gaban mota, ya kwance rawani, ya gyara tsayuwa kamar mai ɗaukar hoton salla, ya ɗaga wa kamara hannu ya yi magana. Chaibou ya yi dariya shi ma. A shekara ashirin da yake tuƙi, ranar ce ya fara tashi bai ɗora dutse kan dutse ba.

Iska ta taso washegari, ta yi kwana biyu. Da ya juyo a rana ta huɗu, filin ya zama ɗaya tun daga gabas har yamma, babu sawu, babu komai. Bai tsorata ba tukuna. Ya juya kan mota ya koma sansanin masu haƙa, tafiyar rabin yini, wajen Ousmane mai gyaran talho, ya ce ya karanto masa lambobin. Ousmane ya ɓare sikocin. Wani ɗan kati, bai fi farce ba, ya biyo sikocin ya faɗo a tafin hannunsa. Ashe ramin katin yana dab da wutar, kuma irin wanda in an danna yake tunkuɗowa waje ne. Ƙarƙashin sikocin wutar tana kunne tsaye, ba ta ƙiftawa. Ousmane ya ce haka take yi in tana sanar da kai ba ta ɗaukar komai.

Ya sa katin a talho. Hoto na ƙarshe tashar Agadez ce da safe, mako shida da suka wuce, motoci a jere, wata mata tana wucewa da tulu. Sai hoton ya girgiza, aka ji muryar Chaibou kusa-kusa yana cewa, “To, yau na huta da ke.” Daga nan babu komai.

Mota biyar suka fita nema, kwana takwas. An sanar da sojoji. Ba a ga Illiya ba, ba a ga bido ba, ba a ga ko takalmi ba.

Ga Souwaiba kuwa, Chaibou ya ce na'urar ce ta lalace. Ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba, ya kuma san ba gaskiya ya faɗa ba. Malamai suka ce mata matar wanda ya ɓata sai ta jira shekara huɗu. Ta ci gaba da dafa shinkafarta, ba ta shiga takaba ba, ba ta kuma da miji a ɗaki. Chaibou ya daina cin abinci a bakin tasha. Yakan zagaya ta bayan masu gyaran taya don kada su haɗa ido, mutumin da a da ake jin mitarsa tun daga ƙofa.

Ya roƙi Alhaji ya bar masa tsohon katin, aka sa sabo. Bai sake rufe wutar ba. Duk tafiya yana ɗaukar bido guda na ruwa wanda ba na kowa ba ne, in ya isa filin nan ya bar hanya ya bi wani layi dabam, ya ajiye bidon, ya tara duwatsu har gwiwa. Shoferori sun ce yanzu filin ya cika da tsibin Chaibou, har ya ɓata musu lissafin hanya. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne na almuru. In rana ta sunkuya, jar wutar takan fito can gaba cikin rairayi, daidai tsayin ƙirjin mutum. Ya san gilashi ne, ya fi kowa sani. Duk da haka hannunsa yakan karkata wajenta, ita kuma ta matsa gaba. Tsoro yake ji, kuma ba ya son ta daina fitowa.

Bana shekara uku ke nan. Wata hantsi yana ɗaure bidoji, sai ya ɗago ya ga Souwaiba tsaye a gefen mota, ta bar tukunyarta. Ta gaishe shi, ta tambayi iyali. Sannan ta ce wani da ke cikin motar ran nan ya zo cin abinci, ya gaya mata Illiya ya tsaya gaban kamara ya bar mata saƙo.

“Baba Chaibou, ko lalatacce ne ina son in gani. Ko inuwatai ce.”

Ya saki igiyar da ke hannunsa. Ya ciro katin daga cikin lasisinsa inda yake ajiye da shi, ya sa a talho, ya miƙa mata. Ta ga tasha da safe. Ta ga matar da tulu, ta gane ita ce da kanta. Ta ji muryar. Ta mayar baya ta sake ji. Ya gaya mata duka: sikocin, katin, da duwatsun da bai tara ba don bayansa na ciwo. Bai rage komai ba.

Ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da ya fi masa sauƙi. Ta miƙa masa talhon.

“Ke nan ba wanda ya riƙe abin da Illiya ya ce sai kai.”

Ya ce haka ne.

“To ka yi mini yadda ya yi.”

Ta buɗe ƙofa ta zauna a kujerarsa, ta kalli gaba ta gilashi. Chaibou ya murza makulli don kamarar ta kama, ya zagayo gaban mota a tsakiyar tasha, mutane na wucewa da buhuna. Ya kwance rawaninsa. Ya gyara tsayuwa, ƙafa ɗaya gaba, yadda Illiya ya yi. Ya ɗaga hannun dama sama, ya buɗe yatsu. Ta cikin gilashin yana ganin fuskarta, jar wutar na ƙiftawa a gefen goshinta. Ya nemi dariyar Illiya a bakinsa bai samu ba, sai ya faɗi maganar haka nan.

“Souwaiba, kwana huɗu. Ki aje mini ƙanzo.”

Ta gyaɗa kai. Ba ta ce ya sauke hannun ba, shi kuma bai sauke ba.