Motar Da Ba A Ɓare Wa Leda Ba

Har yau ban manta da ranar da muka fara fita aiki da sabuwar mota ba, ko da yake na daɗe da ajiye aikin na koma ɗakina ina fama da yara da tukwane. Ku da kuka shigo bayanmu kun tarar da ita ta tsufa, ana loda mata har buhun gero. Mu kuwa mun gan ta tana amarya.

Lokacin ina mai allura a tawagar rigakafi ta wata ƙungiyar lafiya da ke aiki a Isa da Sabon Birni. A samana akwai sufabaiza, Malam Haliru, a samansa kuma kodineta da ke zaune Sakkwato. Aikina shi ne riƙon akwatin sanyi. Ana jera kwalaben allura a ciki, a kewaye su da robobin ƙanƙara. A jikin kowace kwalba akwai ɗan farin tabo a tsakiyar da'ira mai duhu. Idan zafi ya taɓa maganin, tabon sai ya fara rinewa, in ya yi duhu kamar da'irar, maganin ya mutu, sai zubarwa.

Da aka kawo motar, sai da aka tura direbanmu Ladan kwas a Sakkwato. Ya dawo ba ya da zance sai nata. Ya ce masu ƙera irinta sun sake mata gini tun daga ƙasa. An cire tsohon inji mai silinda shida, an sa mai huɗu, amma an haɗa masa turbo, wato abin da ke cusa wa inji iska don ya ƙara ƙarfi, ga kuma batir da ke tallafa masa wajen tashi. Giya takwas gare ta, ita ke canza abarta. A kan kwalta tayoyin baya kawai ke ja. Amma kusa da giyar akwai wani maɓalli mai juyawa: ka murɗa shi, tayoyi huɗu su kama aiki, ka zaɓi yashi ko laka ko duwatsu. Akwai ƙaramar giya ta jan nauyi, da wani makulli da ke haɗe tayoyin baya su juya tare, kada ɗaya ta tsaya kallon 'yar'uwarta.

"Malama Hadiza," in ji shi, "wagga mota ko cikin rijiya ta hwaɗa, hitowa za ta yi."

Matsala ɗaya ce: ba a ƙaddamar da ita ba. Babban baƙo zai zo daga hedikwata ya ɓare ledojinta a gaban masu hoto. Tsohuwar motarmu kuma tana garejin makanike. Kodineta ya bugo waya ya ce a yi amfani da sabuwar, amma duk abin da ke cikin leda kada a taɓa. Kujeru leda, madubi leda, maɓallin nan ma an naɗe shi da leda. Malam Haliru ya ƙara masa salatif da hannunsa, don kada tsautsayi ya gitta.

Da bazara ne, ƙyanda ta ɓulla a wani ƙauye bayan Turba. An aika wa ungozomar garin, Inna Kulu, cewa ta tara mata da yara tun da hantsi. Muka tashi ni da Malam Haliru da Ladan, muna zamewa a kan leda kamar an zuba mana kuɓewa. Tafiya ta yi daɗi har muka iso busasshen gulbin da ake tsallakawa. Muna kaiwa tsakiya, motar ta kafe. Ladan ya taka totur, tayoyin baya suka yi ta haƙa wa kansu rami, na gaba suna tsaye abinsu.

Ladan ya dubi maɓallin, ya dubi Malam Haliru.

"Ranka shi daɗe, nan na wurin yashi. Murɗawa guda ta."

"To murɗa mana," na ce.

"Ni? Ina da ɗiya bakwai, Malama. In oga ya ce, yanzu za ni murɗa."

Malam Haliru ya share gumi. "Ba ni anka ba izni ba. Kodineta ya ce leda, leda ya ce. In baƙo ya zo ya ishe an ɓare, wa za a tambaya?"

"Ranka shi daɗe, ai ana iya murɗa shi da ledar a kai."

"In ta yamutse fa? Su waɗanga mutane sun san leda sabuwa."

Ya fito da waya, ba sabis. Ladan ya ce a kan rufin mota ana samu. Malam Haliru ya ce ba wanda zai taka fenti. Ya tafi bakin gulbi ya hau wani suri, ya ɗaga waya sama yana juyawa gabas da yamma, babbar rigarsa tana kaɗawa.

Ni da Ladan muka gwada turawa. Muka tone yashi da hannu. Rana ta take, azahar ta yi, muka yi taimama muka yi salla a inuwar motar, wadda ita ce amfanin farko da na ga ta yi. Da na ɗaga akwatin na girgiza, sai na ji ruwa na motsi a cikin robobin. Ƙanƙarar ta fara narkewa. Na tuna matan da ke zaune tun safe da yara a cinya.

Can sai ga wani manomi, Nomau, ya dawo daga kai taki gona da amalankensa da bijimai biyu. Ya yi sallama, ya kewaye motar yana kallo.

"Ku kawo igiya in jawo muku ita."

Malam Haliru ya sauko daga suri da sauri, ya leƙa ƙarƙashin motar. Ƙugiyar da ake ɗaura igiya ma tana cikin leda. Ya girgiza kai.

Nomau ya dube ni. "Hajiya, motar taku ce, ko ajiya anka ba ku?"

Na ce, "Malam Haliru, ni za ni bi amalanke."

"Ba shi cikin tsarin aiki."

"Allurar ba ta cikin leda, ranka shi daɗe."

Na jiƙa mayafina da sauran ruwan shana, na lulluɓe akwatin, na ɗora shi a cinya, na zauna inda taki ya tashi. Duk hanya ina salati. Bijiman nan suka ratsa yashin ba tare da kowa ya murɗa musu komai ba.

Mun isa dab da la'asar. Na buɗe akwatin. Tabon da ke kan kwalaben ya ɗan sirka amma bai rine ba, alhamdu lillahi. Na yi wa duk yaran da na tarar. Sai dai Inna Kulu ta ce matan rugage sun gaji da jira, sun koma don tatsar yamma. Kafin mu sake zagayowa, ƙyandar ta kama yaron ɗaya daga cikinsu. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma idonsa guda bai dawo daidai ba. Na gan shi daga baya, kuma har yau ina sa shi a addu'a.

Motar kuwa mazan garin ne suka je da zana da itace suka cicciɓo ta kafin magariba. Malam Haliru yana ta ce musu su yi hankali da fenti.

Ranar ƙaddamarwa, babban baƙo ya ɓare ledar maɓallin aka yi tafi. Ya murɗa shi zuwa yashi, a kan simintin harabar ofis, aka sake tafi. A jawabinsa ya ce babu rairayin da zai riƙe wannan mota a duk ƙasar Gobir, shaida kuwa tuni ta kai allura har bayan Turba. Aka yaba wa Malam Haliru kan riƙon amanar kayan aiki.

Abin da na koya shi ne, a wannan aiki namu za ku haɗu da mutanen kirki, masu salla a kan lokaci, waɗanda tsoron tambayar oga ya fi musu tsoron tambayar Allah nauyi a lokacin da aka kafe. Ba mugaye ba ne, kuma ɓarnarsu ba ta fi ta mugaye sauƙi ba. In kun ji ƙanƙara ta zama ruwa, ku ɗauki akwatinku ku bi abin da ke tafiya.

Da muka koma garin a zagaye na gaba, motar ta tsallake gulbin kamar wasa. Ladan ya kira Inna Kulu ya fara yi mata bayanin turbo. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta juyo gare ni.

"Ɗiyata, motarku ta yi kyau. Amma in abin na gaggawa na, ku aiko muna waccan mai ƙaho."