Yadda Muka Raka Wakilin Maɗaba'a

Lokacin da nake koyarwa a firamare a Lafia, ana saura 'yan shekaru a samu mulkin kai, na rubuta littafi a kan mahaifina. Falke ne, gishiri yake sarowa daga Keana ya kai Doma da ƙauyukan da ke bayanta. Ya rasu ina ƙarami, ko fuskarsa ba na iya tunawa sosai. Duk abin da na sani a kansa daga bakin wani tsoho na Assakio na ji shi, abokin tafiyarsa. Ran Asabar sai in hau keke in je, yana ba ni labari ina rubutawa, in ya gaji ya kore ni. Na gama ba da jimawa ba Allah ya yi wa tsohon rasuwa. Kwafi ɗaya tak gare ni, takardun da na ɗinke da zare da hannuna.

Ana nan sai wani direban lori ya kawo mini baƙo har ƙofar gida, wai yana neman malamin da ya rubuta littafi. Dogo ne, ya ɗora kwat a kan kaftani a cikin zafin nan namu, ga tabarau, ga jakar fata da ba ya rabuwa da ita ko bayan gida za shi. Ya ce shi wakilin wata maɗaba'a ne a Jos, aikinsa zagaya ƙasa yana zaƙulo marubuta. Da na ji an sa ni cikin marubuta, sai kaina ya kumbura. Nan take na sa aka share masa ɗakin da ke kusa da zaure.

A wurinmu ba a tambayar baƙo ranar tafiyarsa, kuma mutumin nan ya fi kowa sanin haka. Tsarin aikinsa shi ne sai ya ci ya ƙoshi, sannan in karanta masa babi ɗaya, ya kishingiɗa ya lumshe ido yana saurare. Ranar da aka yi sakwara da miyar agushi, babin ya yi armashi. Ranar tuwon dawa da miyar kuka kuwa, sai ya girgiza kai ya ce akwai gyara mai yawa. Matata ce ta fara lura da haka, ta ce mini, "Malam, ni fa ina ganin a tukunyata ake gyaran littafin nan." Na ce ta bar maganar ilimi ga masu ita, ta ce to.

Da abincin gidana ya gundure shi, sai ya faɗa kasuwa. Ya gaya wa wani mahauci cewa za a buga littafi a kan garin nan, sunan mutum in ya shiga har Ikko za a karanta shi. Ya dawo yana sakace haƙori ya zaunar da ni.

"Malam, littafinka yana da kyau, sai dai matattu sun yi masa yawa. Masu injin sun fi son rayayyu, don rayayye shi ke sayen littafi. Ka sa mahaucin nan."

Na ce ai labarin mahaifina ne. Ya ce shi ma mahaifin nawa ai ya ci nama. Haka na rubuta mahauci. Bayan shi sai wata mai sayar da doya, sai telan da ya ɗinka masa sabuwar riga. Wakilin kuma yana da ƙa'idarsa: wai injin yana da iyakar shafin da yake haɗiya, in an sa ɗaya dole a cire ɗaya. Ni nake warware zaren da kaina in zare shafin mahaifina, shi kuma ya karɓa da hannu biyu ya ce za a adana a ofis saboda bugu na biyu. Haka doya ta yi sabuwa ta tsufa yana gidana, wuyansa har ya yi ninki.

Rannan Goggo, ƙanwar mahaifina, ta zo daga Doma. Cikin alfahari na shimfiɗa mata tabarma na soma karanta mata. Ta saurari tarihin mahauci tun daga kakansa, ta saurari kirkin mai doya, sannan ta ɗaga mini hannu.

"Ɗana, shi yayan nawa a mayanka ya yi aiki ne? Tun ɗazu nake jira ya fito."

Kafin in ba ta amsa, matata ta zo da sharar ɗakin baƙo a faifai ta ajiye a gabana. Guntayen taba ne, irin wadda ake naɗawa da hannu. Na ɗauki ɗaya na warware, sai ga rubutuna, rabinsa ya ƙone. Ashe ofishin da ake adana mahaifina ke nan. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin ina son shaƙe mutum kamar yadda na ji a lokacin ba. Na miƙe, Goggo ta riƙe mini gefen riga.

"Zauna. Ba a ɗaga wa baƙo murya a gidan nan, ko wane iri ne. Raka shi za mu yi."

Ita da kanta ta zaga kasuwa ta sanar cewa littafi ya kammala, wakili zai koma Jos a jirgin ƙasa, kuma babban baƙo irinsa ba a yi masa rakiyar bakin zaure, sai an kai shi har ƙofar maɗaba'arsa. Ranar tafiya mahauci ya iso da babbar riga mai sitaci, ga tela, ga mai doya ta ci ado. Shi wakilin a lokacin ya fara jin labarin cewa tafiya zai yi.

Ya ce, "Haba jama'a, ai ba sai kun wahala ba."

Mai doya ta ce, "Babu wahala, Oga. Ni ina so na gani injin da zai buga sunana, na gaishe shi."

Mahauci ya karɓe masa jakar don girmamawa, ya rungume ta a ƙirji. Muka sa shi a tsakiya har tasha, yana gumi yana gaisawa da mutane. A cikin jirgi tela ya yi ta tambayarsa sunan unguwar da maɗaba'ar take, shi kuma yana ta yabon gonakin da muke wucewa. Da muka tsaya a Gudi ya ce zai kama ruwa. Mahauci ya ce zai raka shi, ya ce wannan kam ba a rakiya. Jirgi ya yi kuka ya tashi, muka hango kwat ɗinsa yana kutsawa cikin gonar dawa.

Muka buɗe jakar. Ganyen taba ne a ciki, da kilishi, da wani kwanon matata da ta daɗe tana nema. Na zazzage ta har ƙasa, ko shafi ɗaya bai rage ba. Mahauci ya yi ta dariya har da hawaye, sannan ya tsaya ya tambaye ni ko babinsa yana nan. Na ce yana nan lafiya lau.

Na sha zama in sake rubuta abin da ya ƙone. Amma da yake na riga na zuba shi a takarda, ban riƙe shi a kai ba, mai ba ni labarin kuma yana ƙasa. Goggo ta san yayanta a gida, ba ta taɓa bin shi fatauci ba. Yanzu in 'ya'yana suka tambaye ni wane irin mutum ne kakansu, sai in ce falke ne, gishiri yake kaiwa Doma, daga nan in yi shiru. Da a ce mahaucin suka tambaya, da na ba su labarinsa tun daga ranar sunansa.