Badaru Magini da Kwarin Bayan Gari

Badaru maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Magini ne, mutum marar yawan magana. Ƙauyenmu yana daidai inda ƙasar Shagari ta haɗu da ta Bodinga. A bayan gari akwai wani kwari da ruwan damina ke ci kowace shekara, yana matsowa wajen gidaje.

Lokacin da soja sunka sauka, anka koma zaɓe, ɗan majalisar wakilanmu na farko ya zo da motoci ya ce za a yi kwalbati a tare ruwan. Badaru anka kira ya gina ɗan ginshiƙin da ake liƙa allo mai sunan ɗan majalisa. A lokacin kwarin na can bayan gonakin albasa. Anka yi tafi, anka tafi Abuja. Damina biyu, ginshiƙi ya rufta.

Ɗan majalisar da ya gaji na farko ya aiko cewa kan kwarin yana ɓangaren Bodinga, wata mazaɓa ce daban, can za mu kai kuka. Munka je. Na can ya ce gidajen da ke cikin haɗari na Shagari ne, ba su zaɓe shi ba. Sanata kaɗai ya haɗa mu duka, shi kuwa a rediyo muke jin shi.

Amma duk sabon da ya hau sai ya zo ya aza nashi allon, kuma Badaru ke gini. Kowane karo sai ya ja baya, don inda ya gina na baya babu ƙasa. Gonaki sunka tafi, masussuka ta tafi, tsamiyar da muke hutawa ta bi su.

Bara, bayan wani sabo ya hau, kwarin ya iso bayan garkar Badaru. Ya fara cire kwanon ɗakinshi zai koma Sifawa wajen surukai. Sai ga Kamal, sakataren ɗan majalisa.

“Baba Badaru, mi kake yi haka? Kwamiti za su zo daga Abuja su gani da ido. In sunka iske kango, wa za a ce ana ceto? Gidanka shi ne hujjarmu.”

“Yaushe za su zo, ranka ya daɗe?”

“Da an sa hannu a kasafi.”

Laraba, matar Badaru, ta ɗaga murya daga cikin gida: “Ka ce ma mai gidanka ya zo ya kwana nan, shi ma ya zama hujja!”

Kamal ya yi dariya. Badaru bai yi ba. Ya hau ya maida kwanon.

Na same shi daga baya na ce, “Badaru, tashi.” Ya ce in ya tashi, maganar kwalbati ta mutu, daga nan kwarin sai gidana, sai masallaci.

Laraba ta kwashe jikoki ta tafi Sifawa tun farkon bazara. Kwamiti ba su zo ba. Jiya anka yi ruwan fari, katangar bayan ɗakinshi ta tsage, hannu na shiga. Da hantsi na leƙa na iske shi yana cusa laka a tsagar, a hankali, yana lailayewa da tafin hannu. Gabas kuwa hadari ya sake haɗuwa, baƙi ƙirin.