Gwiwar da ta ƙi durƙusawa

Damina ce ta kayar da ni da babur a hanyar Makera, ina dawowa daga makarantar da nake koyarwa. Jijiyar gwiwa ta tsinke, aka yi mini aiki a Katsina, aka sallamo ni da ƙafa sandare kamar taɓarya. Sauran aikin, in ji likita, na masu gashin ƙashi ne.

Ɗakin gashin a Dutsin-Ma ba shi da fara'a. Gado, buhun yashi da ake ɗaura wa mutum a ƙafa, da wani keke da za ka yi ta tuƙawa ba ya zuwa ko'ina. Mai gashin, wani siriri marar yawan magana, yakan kifar da ni ya tura dugadugina baya har sai na ciji hannun riga. Ni da nake yi wa yara tsawa, ga ni ina hawaye.

"Malam, me kake so ƙafar nan ta yi maka?" ya tambaye ni wata rana. "Gona? Babur?"

Na ce, "In durƙusa."

Ya ɗauka salla nake nufi. Salla kam ina yinta a kujera, Allah ya san uzurina. Innata ce a Tamawa. Idonta ya tafi da daɗewa, kuma tun ina yaro gaisuwarmu ɗaya ce: in durƙusa gaban tabarmarta, ta lalubo kaina ta dafa, ta sa albarka. Da haka take gane ni ne.

Ranar da na fara zuwa wajenta da sanda, na yi tsaye a kanta kamar mai karɓar haraji. Aka kawo kujera, na ƙi, don ban iya zama sama da ita ba. In zauna ƙasa kuwa sai na miƙe mata ƙafa a gaba, wannan ya fi muni. Ta ɗaga hannu tana lalube a iska.

"Ina kake? Mi ya kai ka can sama?"

Hannun ya sauka a kan gwiwar, bisa ɗaurin. Ta shafa, sannan ta yi addu'arta a nan. Na ji kunya, na ji haushin ƙafar har cikin raina. Duk zuwan da na yi bayan nan, gwiwar take dafawa, tana tsokanata wai ilimi ya sa na fi ƙarfin duƙawa.

Na ƙara ƙaimi. Gwiwar tana sakin jiki kaɗan-kaɗan, da rowa. Inna ta rasu da kaka, ana cikin yankan dawa.

Bayan sadakar arba'in na koma gashi, don ba ni da dalilin dainawa da zan iya faɗa wa kowa. Wata safiya mai gashin ya ce in gwada. Na riƙe gefen gado, na sauka a hankali har ƙasa.

"Alhamdulillahi, Malam, ga abin da ka roƙa."

Na daɗe a durƙushe a kan simintin, kaina a sunkuye. Shi kuma ya tsaya yana jira in tashi.