Takalmin Malam Sha'aban

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, ina tsaye a kara cikin shanu, Musaddiq ya kira ni ya ce Allah ya yi wa mahaifinsa rasuwa, wato aminina Malam Sha'aban Kalilu na Sandamu, bayan jinyar kwana uku kacal. Bayan azahar muka kai shi makwancinsa.

Malam, shekara talatin ka yi kana koyar da wasannin motsa jiki a firamare, amma mutanen Sandamu da ramin nan za su fi tuna ka, wanda masu aikin titi suka haƙa a bayan gari suka tafi suka bar mana. Ƙasarmu shimfiɗe take kamar faifai, daga nan har garin Babban Mutum babu tudun da zai sa jaki haki. Kai ne ka dubi ramin ka ce, "Tunda ba mu da dutse, ai muna da rami. Wanda ya sauka dole ya hau."

Haka ka riƙa tara maniyyata aikin Hajji bayan sallar asuba, kowa da tiya biyu ta gero a jaka a bayansa, a sauka, a hau. Mata kuma ranarsu daban, tare da maiɗakinka Malama Laraba. Kullum sai ka tuna mana cewa hawa dutsen da Kogon Hira yake ba ya cikin ayyukan Hajji, amma ƙafar da ta iya hawansa ba za ta gaza a hanyar jifa ba. Ba ka taɓa gajiya da jiran na baya ba. Na sha ganin ka riƙe da hannun tsoho kana ƙirga masa taku.

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, dariya na yi maka shekarar da zan tafi. Na ce ni Hamma da nake koro shanu a ƙasa tun daga Kongolam, ni za a koya wa tafiya? Ka ce bin shanu daban, hawa daban. Sannan ka tambaye ni takalmin da zan tafi da shi. Na ce yana akwati cikin ledarsa, kamar na kowa. Wa zai ɓata takalmin Makka a turɓayar Sandamu? Ka ce in fito da shi in taka shi kwana arba'in. Na ƙi.

Da muka je Makka na nufi Kogon Hira, wallahi ban kai sulusin dutsen ba ƙafata ta yi bororo, ƙirjina kamar zai tsage. Na zauna a kan wani dutse da takalmi a hannu, tsofaffin mata na wasu ƙasashe suna wuce ni da sandunansu. Wata ma ta miƙo mini dabino don tausayi. Kai, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da na dawo ka zo yi mini sannu da zuwa, ba ka ba ni kunya a gaban mutane ba. Sai da za ka tafi ka dubi ƙafata ka ce, "Alhaji, gobe da asuba?" Shekara biyar ke nan ban fasa ramin ba.

Bana Musaddiq ya biya maka kujera, kai da ka shirya mutane da yawa amma Dalar Kano ce dutse mafi tsawo da ka taɓa hawa. Ka sayi takalminka, wata biyu kana taka shi kullum, kana cewa ladabtar da shi kake yi. Allah bai nufa ba.

Bayan sadakar uku iyalanka suka roƙe ni in je in yi maka Hajjin, tunda na sauke nawa. Na amsa, amma ba zan ɓoye maka ba, Malam, tsoro nake ji. Shekarata sittin da uku, gwiwata ta hagu tana yi mini gardama, kuma ba na son in sake zama a kan dutsen nan, wannan karon da sunanka a kaina. Ina cikin wannan tunani Malama Laraba ta aiko 'yarka Rauda da ƙunshi. Na buɗe, sai ga takalmin, da jar ƙasar ramin a jikinsa. Na sa ƙafa, ya zauna daram.

Yau da asuba na je ramin na tarar da mutum goma sha bakwai da jakunkunansu, ba wanda ya kira su. Muka sauka muka hau sau goma sha biyu, kuma ban zauna ba.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya gafarta maka, ya sa kowane taku da ka ƙirga wa bayinsa ya zama nauyi a mizaninka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Laraba, da Musaddiq, da Rauda, da duk jama'ar Sandamu. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya kyautata namu ƙarshen. In ya kai mu, zan yi maka addu'a daga can sama, da takalminka a ƙafata.