Sawun Miron a Bakin Ƙofa

Zoriyana ta daɗe tana wanke daɓen wata makarantar firamare a garin Drohobych. Daga ƙauye ta zo tana budurwa, ta kama guga da tsumma, kuma ba ta sake neman wani aikin ba. Sabulu da ruwan sanyi sun jeme mata hannu. Malamai sukan ce idan ta gama da baranda, ko ƙullin burodi ka murza a kai ba abin da zai same shi. Ba ta da yawan magana. Mijinta Miron, bakaniken motocin bas, shi yake yin ta su biyun.

Suna haya a hawa na uku: ɗaki ɗaya, kicin, da ɗan lungu a bakin ƙofa inda ake ajiye takalma, an shimfiɗa masa tsohuwar leda mai ruwan ƙasa. Mai gidan, Pani Stefa, tsohuwa ce da mijinta ya rasu, tana zaune a ƙasa tana jin tafiyar kowa a kanta. Bazarar da ta wuce suka sabunta yarjejeniyar haya ta shekara biyu.

Da kaka, ƙasar na cikin yaƙi, aka kira Miron aikin soja. Bayan horo aka bar shi ya zo gida ya yi sallama. Ranar tafiya ruwa ya kwana yana zuba. Ya sa takalman sojan ya sauka zubar da shara, ya dawo ya tsaya a kan ledar da laka har idon sawu.

"Dubi abin da ka yi min! Alade ma ya fi ka sanin ya kamata."

"Ranki ya daɗe, sarauniyar tsumma. Bar shi nan, ki riƙa kallo kina zagina. Kin ga ba za ki yi kewa ba."

Suka zauna shiru na ɗan lokaci kamar yadda ake yi kafin tafiya, shi a kan jakarsa, ita a kan kujerar sa takalmi. Ya tashi ya ce, "Da na isa zan kira."

A al'adarsu ba a shara ko wanke daɓe a bayan matafiyi sai an ji ya isa. Gawa ake wanke daɓe bayan fitarta, don kada ta ga hanyar dawowa. Likitoci da injiniyoyi da ke dariyar camfi, su ma sukan jingine tsintsiya ranar da ɗansu ya kama hanya. Zoriyana ta jingine tata. Kwana ɗaya ne, in ya yi yawa biyu.

Bai kira ba. Wayarsa a kashe. Ta je ofishin sojoji, aka ce ta yi haƙuri, can inda suke ba kullum ake samun layi ba. Lakar ta bushe ta yi fari, sawu biyu suna fuskantar ƙofa. Kullum ta tsallake su ta tafi ta wanke sawun 'ya'yan mutane, ta dawo ta sake tsallake su.

Ana cikin haka mahaifiyarta ta faɗi a ƙauye ta karye a ƙugu. A da Miron ne yake zuwa duk ƙarshen mako ya faskara mata itace, ya ɗebo ruwa. Yanzu sanyi na shigowa, ba mai hura wa tsohuwa murhu. Zoriyana ta sauka wajen Pani Stefa ta ce za ta tashi, ko da yake wa'adin haya da saura.

"Takarda ce kawai, 'yata," in ji Pani Stefa. "Mijinki na can, ni kuma in tsaya ina karanta miki takarda? Je ki wajen uwarki. Abu ɗaya na roƙe ki: ki bar min ɗakin fes kamar yadda kika same shi. Akwai wasu 'yan gudun hijira daga gabas, a zauren wasannin makaranta suke kwana, da jaririya mai rarrafe. Ranar Asabar za su shigo."

Zoriyana ta ce to. Ta goge tagogi, ta kankare murhu, ta wanke bango har inda hannunta ya kai. Ƙasa ce ba ta taɓa ba.

Safiyar Asabar Pani Stefa ta hau da ƙyar tana haki. Ta tura ƙofa, ta dubi ƙurar da ta taru a lunguna, ta dubi busasshiyar laka.

"Ikon Allah! Mai wanke wa gari daɓe, nata kamar turken shanu! Ina gugan?"

"Bai kira ba, Pani Stefa."

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. Ta sake duban sawun, wannan karon a hankali, kamar mai karanta su.

"Tun ranar?"

"Tun ranar."

"To ni in wanke. Ni ba matarsa ba ce."

"Ko waye ya wanke, an wanke."

Pani Stefa ba ta musa ba. Ita ma ta taɓa durƙusawa da tsumma bayan an fita da akwatin mijinta, daga ƙuryar ɗaki har bakin ƙofa, kuma ta san abin da hannu yake ji. Amma ta leƙa ta taga. Baƙin sun riga sun iso, suna tsaye a tsakar gida da jakunkuna, uwar ta rungume jaririyar cikin bargo.

"Ki duba ƙasa. Yarinyar nan komai ta samu baki take kai wa. In ce musu su koma zauren wasanni su jira wayar Miron? Har yaushe?"

Zoriyana ta duba. Ta daɗe tana kallonsu. Sai ta buɗe akwatin kayan aikin mijinta da ke cikin kayan da ta ɗaure, ta ciro wuƙar da yake fere waya da ita, ta durƙusa.

"Ke! Ledata!"

"A ɗaki da safa ya taka. A nan ya sa takalmi, daga nan hanyarsa ta fara," in ji Zoriyana. "In na tafi da wannan, a wanke sauran."

Ba haka al'adar ta ce ba, kuma su biyun sun sani. Duk da haka tsohuwar ta matso. Ta dafa bango ta sunkuya, ta danne gefen ledar da ƙafarta don kada ta zame.

"Yanka a miƙe, mahaukaciya. Kada ki ɓata min katakon ƙasa."

Zoriyana ta yanke ledar tun daga kujerar sa takalmi har dokin ƙofa. Ba ta naɗe ta ba, don kada lakar ta farfashe. Ta ɗora ta a kan murfin kwali, ta rufe da tawul, ta sauka da ita a hannu biyu kamar tiren abinci. Baƙin suka matsa mata hanya. Tana ajiye ta a motar maƙwabcin da zai kai ta ƙauye, ta ji ƙarar ruwa na zuba cikin guga a hawa na uku. Ba ta ɗaga kai ba.

Yanzu tana ƙauye. Tana juya mahaifiyarta a gado, tana faskare da kanta, ta kuma sami aikin wanke daɓen ɗakin shan magani. Cikin hunturu aka sanar da ita cewa Miron na cikin waɗanda suka ɓace: ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Ledar na ƙarƙashin gadonta. Duk da tawul ɗin, lakar na ta zubewa kaɗan-kaɗan, sawun hagu ya kusa shafewa. Idan tana shara, daga ƙafar gadon take juyo da tsintsiya, ba ta taɓa ƙarƙashinsa.